Rigar Aro a Hoton Ƙungiya

A layin asibiti na ji wata mata ta dubi wani dattijo mai ƙafar roba.

"Baba, ba kai ne a hoton ƙungiyar yaƙi da nakiyoyi ba?"

"Ni ne, 'yata, amma rigar ta aro ce. Tawa mai tambarin 'yan adawa ce, suka ce in minista ya gani ba zai ba su izinin aiki ba."

"To ya bayar?"

"Ya bayar, har mun gaisa."

"Ke nan an tone na gonarka?"

"Ina! Wai sai bayan zaɓe, ga damina ta matso."

"Oh ni! To wa za ka zaɓa?"

"Duk wanda ya biyo ni har gona neman ƙuri'a. Amma fa shi zai shige gaba."