Sunansa Ɗan'azumi

"Ƙarya ce wannan, samari."

A shagon cajin waya na tashar Matameye ne, shekarar farin nan da soja suka karɓi mulki. Tsoho Illa ya leƙa ordinatar wani ɗalibi, wato kwamfutarsa, ya tsoma baki kamar an gayyace shi.

"Baba, wasan yaƙin Faransa da Jamus ne, gyara shi nake. Faransa ta cika ƙarfi, sojanta ba sa ƙarewa."

"Daga ina take samo su?"

"Har da nan Damagaram. Da ka latsa sai su fito."

"Latsawa? Ubana a gona aka ɗauke shi zuwa yaƙin, ina cikin ciki. Ciyawa ta cinye geron, uwata ta sha yunwa irin ta bana. Ka sa wannan?"

"Zan sa. Har waɗanda ba su dawo ba zan sa."

Illa ya daɗe yana kallon taswirar wasan.

"Tunda kai ke gyarawa, dawo da su gida mana, har da ubana. Sunansa Ɗan'azumi."

"Ai sai wasan ya zama ƙarya, Baba. Kai da kanka ka ce..."

"Na san abin da na ce."

Ya fice bai karɓi wayarsa ba, ya banko ƙofar langa-langar.