Daga Yau Ta Gama, In Ji Babanta

A barandar ɗakin gasar darar ces ta 'yan mata, inda ake tsayar da iyaye, wani mutum da wata mata suna leƙe ta gilashi.

"Baiwar Allah, mai tabarau ɗin nan taki ce?"

"Tawa ce, Malam. Da taka suke karawa?"

"E, amma daga yau ta gama. 'Ya mace ina za ta kai da wasan nan?"

"To, kai ne uba."

"Kash! Ta sake fito da sarauniya da wuri. Kullum sai na hana ta!"

"Ashe ka iya."

"Ina fa, ita ke koya min."

"Tunda ta gama, bar wa ƙaramar 'yata kujerarta a motar gasar wata mai zuwa."

"Wace kujerar? Ai ta jikin taga na kama mata!"