Mai Son Duba Ni Ya Same Ni a Hanyar Gona

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki, kai da masu sauraro. Ni manomi ne daga wani ƙauye kusa da Ɗanbatta.

Shekara uku ina fama da ciwon huhu. 'Ya'yana suka shimfiɗa mini tabarma a zaure, wai kada masu dubiya su zo su rasa ni. Wata biyar ina kwance ina amsa "ya jiki?" Ranar da na tashi zan je masallaci, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata.

Likita ya ce kwanciyar ce ta cinye naman ƙafar, kuma raunin ƙafa yana ƙara haki. Ya ce in riƙa takawa kullum, in na gaji in huta.

Yanzu babban ɗana takalmina yake ɓoyewa, wai in an gan ni ina yawo za a ce sun yasar da ni. Na ce masa, "Jin kunyarka zai kai ni masallaci?" Na fita ba takalmi.

Ina gaida 'yan'uwana na garin Kunci. Mai son duba ni ya same ni a hanyar gona. Tabarmar nan na naɗe ta.