Yadda Shirin Yara Ya Sasanta Husna da Rabi

Assalamu alaikum, Hajiya mai gabatarwa. Ina gaishe ki da duk masu sauraro, da fatan an yi Sallah lafiya. Maman Husna ce daga Ƙofar Kwaya.

Hutun nan yayana ya aiko mani da ɗiyarsa Rabi daga ƙauye, shekararta takwas, sa'ar ɗiyata Husna. Tun zuwanta, Husna da ƙawayenta ke kwaikwayon maganarta suna dariya. Na yi faɗa, har bulala na ɗauka, amma a banza. Rabi ta daina fitowa tsakar gida, ta ce mani, "Gwaggo, ki maida ni wajen Innata." Hankalina ya tashi, don ban san da wane ido zan dubi yayana ba.

Washegarin Sallah muna kallon shirin yara a talabijin, sai aka nuna wata baƙuwar yarinya da 'yan ajinsu ke tsokana suna dariya har ta yi kuka. Wannan karon ban ɗaga murya ba. Na dai tambayi Husna, "Cikin yaran nan, wacece ke?"

Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Mama, ni ce mai dariyar."

Da la'asar na iske ta tana sa wa Rabi lalle, Rabi kuma tana koya mata waƙar gaɗa. Alhamdulillahi, yanzu ko aike tare suke zuwa.

Hajiya, tunda wuta ba kullum ake kawowa ba, waɗanne littattafan labarai zan saya masu don mu ci gaba da irin wannan hira? Ina gaida maƙwabciyata Hajiya Binta, wadda ta matsa mani in rubuto.