Jikokina Sun Koma Yamai Kafin Hutu Ya Ƙare

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gajiyar aiki? Ni ce Zeinabu, tsohuwar ungozoma, daga nan Filinge.

Tun rasuwar maigidana ni kaɗai ce a gida. Bana ɗana ya aiko mini da ɗiyansa biyu, Ramatu da Isufu, daga Yamai su yi hutun lakwal, wato makaranta, a wurina. Don murna har katifa sabuwa na saya.

Da suka huta, babbar, Ramatu, ta ce, "Kaka, kai mu babban kanti mai sanyi, wanda ake tura keken sayayya." Na ce babu shi a nan. Ta ce, "To gidan cin kaza da dankali fa?" Na ce shi ma bai iso ba. Na kai su kasuwa ranar Lahadi, na saya musu tsire, na dama fura da nono mai kyau. Suka ci kaɗan don kunyata. Hutu bai yi rabi ba suka kira ubansu, mota ta zo ta ɗauke su.

Malam, garinmu kullum ƙara faɗi yake, inda muke noman gero a da, yanzu gidajen siminti ne. Me ya hana masu irin waɗannan kantuna zuwa? Ni ba kazarsu nake kwaɗayi ba, hayaniyar yara nake so a tsakar gidana.

Masu sauraro, ku ba ni shawara: me zan tanada baɗi?

Ina gaida Ramatu da Isufu. Gyaɗar da na soya muku tana nan cikin kwalba, ban buɗe ba.