Tukunyar Malam Idrisa

Da sunan Allah muke farawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Assalamu alaikum.

Liman Abdulwadud, Allah ya gafarta malam. Wakilin Sarkin Hausawa, ranka ya daɗe. Alhaji Sabitu, shugaban kwamitin makarantarmu ta Awendjé, Allah ya ƙara arziki. Malamai, iyayen yara, maƙwabtanmu 'yan ƙasa da suka zo taya mu zama. Hajiya Raliya, mai ɗakin marigayi, da 'ya'yanku Ikirama da Rauda: sannunku da haƙuri.

Kafin in taɓa mamaci, bari in yaba wa masu rai. Duk wanda ya shigo yau ya ga zanen da aka manna a bango: sabuwar ƙofar makaranta, da ginshiƙai biyu, da tayil na Italiya, da sunan Malam Idrisa a sama da ruwan zinare, Faransanci da Larabci. Ni Taufiƙ yadi nake sayarwa, na san kaya in na gani. Wannan ƙofa ta yi. Taksin da ya zo wucewa sai ya rage gudu. Baƙon da ya ɗauki hotonta ya aika Kano, za a ce mutanen Gabon sun gina jami'a. Aibinta ɗaya ne, ɗan ƙarami: mutumin da za a rubuta sunansa a kai ya ƙi ta yana raye, kuma da kuɗin da ya hana a gina ta za a gina.

Kada a ce na yi rashin ladabi a gaban manya. Ni Bakano ne, shi Badamagare, wasa tsakaninmu gado ne. Yana raye ban raga masa ba, shi ma bai raga mini ba. Shi ya sa iyalinsa suka ce ni zan yi magana.

Ga waɗanda ba su san farkon zancen ba. Shekarun baya ƙungiyar 'yan kasuwarmu da wata ƙungiyar agaji suka fara ba makarantar nan ƙarin kuɗi duk shekara, da sharaɗin a taimaki yaran marasa ƙarfi. Kwamiti ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a: duk uban da ba shi da hali ya zo ofis ya faɗa.

Jama'a, wa ya zo? Ko kaza ba ta leƙo ba.

To ta yaya za a zo? Mu ne fa mutanen da in muka buga waya gida sai mu ce muna London, kuma ba ƙarya muka yi ba, sunan wata unguwa ce a garin nan, ga ta can da kwatocinta. Mutum ya ƙetare ƙasashe, ya hau teku, ana kiransa Alhajin Gabon a garinsu, sannan ya miƙe a gaban 'yan garinsu ya ce ɗansa bai karya kumallo ba? Kafin la'asar labarin ya kai Maraɗi. Gara ya kwana da yunwa da rigar shadda.

Sai kwamiti ya ce alhamdu lillahi, ashe babu talaka a cikinmu, a yi ƙofa. Malam Idrisa, yana direktan makarantar a lokacin, ya ce, "Alhaji, ku da sunaye kuke nema. Ni kuwa ina ganin wanda ke barci a aji tun hantsi." Ya roƙi a ba shi shekara guda. Shekarar ce ta yi ta haihuwa har ranar da Allah ya karɓi abinsa.

Ya kasance mutum mai tsanani, haka aka san shi, kuma haka ya so a san shi. Abu na farko da ya yi, doka ya kafa: babu yaron da zai shiga aji sai ya zauna ya ci burodi da wake daga tukunyar makaranta. Kowa da kowa. Wani attajiri daga Okala, unguwar masu kuɗi, ya zo da mota yana huci. "Malam, ɗana ya sha shayi da madara a gida, wake kuma na mene ne?" Malam Idrisa ya ce, "Alhaji, doka ce. In bai ci ba, ya koma gida ya ci gaba da shan madarar." Yaron ya zauna ya ci. Na kusa da shi ma ya ci, kuma ba wanda ya iya cewa wane ne a cikinsu aka dafa dominsa.

Ya kasance mai tsintuwa, irin wadda ban taɓa gani ba. Kun san ruwan garin nan, in ya sauka riga ba ta bushewa. Yaron da rigar makarantarsa ɗaya ce, in an kwana ana ruwa, ba ya zuwa washegari. Sai ga akwati a ofishin Malam, wai na kayan da yara suka manta. Riguna, takalma, rigunan ruwa. Abin mamaki, duk sababbi, kuma duk wanda aka gwada wa sai su zauna masa cif. Ni na san asirin tunda a wurina ake sayen yadin, kuma sai ya matse ni a ciniki kamar zai cire mini haƙori. Wata rana ina ofis wani direba ya shigo ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, an ce ka ba 'yata riga. Mu ba mabarata ba ne." Malam bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Wa ya ba ta? Aro ne. Ranar da mai ita ya zo, ta cire." Mai rigar bai zo ba har yau. Yarinyar kuwa tana cikin taron nan, ba zan nuna ta ba, aikin jinya take karanta.

Ya kasance mai horo. Yaran da Faransanci ya yi wa nauyi, don a gidansu babu mai duba musu littafi, ba a taɓa ce musu daƙiƙai ba. Masu surutu aka ce. Horonsu shi ne su zauna bayan an tashi, Malam Bouba ya maimaita musu karatu, daga kuɗin nan ake biyansa. Kuma kullum sai an haɗa da ɗan wani mai kuɗi, don ajin ya yi kama da na masu laifi na gaske. Alhaji Sabitu, naka ma ya sha wannan horo, kuma ka ga sakamakon da ya fito da shi.

Masu agaji sun nemi hoton yaran da aka taimaka. Ya aika musu hoton tukunya. Suka yi ƙorafi, ya aika musu sakamakon jarrabawa. Sai suka ƙara kuɗi.

Wannan shi ne mutumin da muka rasa. Ya san mu ciki da bai. Ya san ba za mu karɓi sadaka da rana tsaka ba, sai ya naɗe ta cikin faɗa ya miƙo mana, muka karɓa muna ƙunƙuni. Ya ciyar da 'ya'yanmu, bai taɓa rawanin ubansu ba.

Hajiya Raliya, kin yi shekaru kina jin ana cewa mijinki ba shi da fara'a. Yau kin ji inda fara'ar take tafiya. Ikirama, ubanka bai bar maka bene a Okala ba, amma babu layin da za ka shiga a kasuwar garin nan ba a tashi an ba ka kujera ba. Rauda, mun ga abin da kika yi. Tun da aka kai shi makwanci wutar tukunyar nan ba ta mutu ba, ke kike hura ta kafin ki shiga ajinki. Salif mai gidan burodi yana kawowa bai tambayi kowa ba. Mata suna zuwa da wake a ƙullin mayafi, kowace ta ce ragowa ce. Wato mun iya, jama'a. Ya koya mana, mun kuma ɗauka.

Sai dai ragowa ba ta riƙe shekara. Ranar Juma'a mai zuwa kwamiti zai zauna a kan kuɗin bana, kuma ba za su isa ƙofa da tukunya a tare ba. Na san Alhaji Sabitu don ƙauna ya kawo zanen nan, shi ya fi kowa kuka a maƙabarta. Na kuma san in aka sake cewa mai buƙata ya ɗaga hannu, babu hannun da zai tashi. Sai kujeru su fara zama wayam ranar ruwa, mu ce yaran zamani ba sa son karatu.

Mun gode wa duk wanda ya rufe shagonsa ko ya ajiye motarsa ya zo. Allah ya jiƙan Malam Idrisa, ya haskaka kabarinsa, ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mana. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya raya abin da ya bari, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Alhaji, saura tambaya ɗaya, ta ɗan kasuwa, kafin Liman ya shafa fatiha. Tayil ɗin nan na Italiya, in yaro ya zo da safe, da wake ake ba shi ko da shayi?