Akushin Mamman

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah shi ƙara girma. Ni ne Garba, manomin albasa daga Bodinga.

Yayana Sani ya dawo daga yaƙin Bama da ƙullin waken Indiya, mai kama da kwaruru. Ya ce yana gina jiki kamar nama. Da kansa ya jiƙa shi, ya dafa da albasa da man gyaɗa da barkono. Da ya nuna, ya zuba akushi biyu, ya ture ɗaya gefe. Na miƙa hannu, ya riƙe ni.

"Bar shi, Garba. Na Mamman ne, abokina na Kajiji. Yana kwance da raunin harsashi ya roƙe ni wanga abinci. Kafin tukunya ta tafasa ya cika."

Tun ranar, ko ƙamshin wake Yaya ya ji, sai ya ce Mamman na kiran sa. Uwar Mamman kuwa har yau tana tarar kowace mota a Shagari, kusa da Kajiji, don ba wanda ya gaya mata. Yaya ya kasa zuwa.

Jama'a, ku ba ni shawara don Allah. In je ni in gaya mata, ko in jira shi?